Arba'in Masu Suna Ɗaya

Kwali arba'in aka sauke mana a Pantami da la'asar,
ƙamshin sabuwar roba ya cika ɗakin.
Jibi yara za su zauna jarrabawa,
kwamfutocin kuwa fanko ne,
ko sallama ba su iya ba.

Tsohuwar tana lungu, kan teburi mai ɗingishi.
Sati uku Oga Bappayo ya yi yana mata tarbiyya
kafin ciwon ƙirji ya kai shi asibiti, bai dawo ba.
Shi ya sasanta ta da firintar ofis mai gardama,
ya sa mata ƙa da ɗa da ɓa
don kada yaro ya rubuta ƙasa a karanta kasa.
Ya cire wasan kati, ya toshe kafofin ɓarayi,
ya daidaita agogonta da lokacinmu.

Ban ƙara mata komai ba.
Cikinta na kwashe kakaf
na zuba a faifan da bai kai tafin hannuna ba.

Kakata a Dukku ba ta roƙon madara ta zama nono.
Ludayi guda na jiya take ɗigawa a ƙwarya,
ta rufe da faifai, ta je ta kwanta.
Nata na kaba ne, nawa na ƙarfe,
aikin dai na dare ne.

Yila ya ja janareto, ya yi tari, ya kama.
Goma-goma muke jera su,
wayoyi a ƙasa kamar yaɗon kabewa.
Kashi bakwai.
Kashi talatin da ɗaya.
Muka raba biredi da shayin da ya huce.
A sittin da huɗu mai ya ƙare.
Rabin rai ba ya tashi, sai an koma farko.
Yila ya ɗauki jarka ya nufi 'yan bumburutu,
ni da sauro muka yi gadi.

Kiran sallar farko ya same su duk a farke.
Allo arba'in, fuska ɗaya:
ruwan Dadin Kowa da Oga ya ɗauka da wayarsa,
hoton ya ɗan karkace hagu,
a ƙasansa an rubuta Barka da zuwwa,
da wa guda biyu, inda yatsansa ya zame.

Na haɗa su da uwar na'ura, ta fara kiran rajista.
Wane ne nan?
Bappayo.
Na kusa da shi fa?
Bappayo.
Na bakin taga, na bayan ƙofa, na ƙarƙashin fanka,
Bappayo, Bappayo.
Uwar ta rikice, ta ƙi karɓar kowa.
Laifina ne. Ban goge sunan ba kafin in kwafa,
abin da ya sha ja mini kunne a kai.

Yila ya fashe da dariya,
can kuma ya yi shiru, ya fita duba mai.

Na ɗan jima a zaune.
Mutumin da muka kai makwanci mu shida,
ga shi yana amsa mini ta baki arba'in.

Rana ta fito ina raɗin suna,
ba rago, ba goro, ba maroƙi.
Kujera ta ɗaya. Kujera ta biyu.
Kowace na raɗa mata nata, ta mutu, ta farfaɗo,
uwar ta ce na gan ki.
Da na zo ta arba'in hannuna ya yi nauyi,
amma Oga ba ya son aiki da saura,
ita ma na ba ta lambarta.

Kuskuren nan dai na bar shi.
Jibi wata yarinya mai kaifin ido
za ta ɗaga hannu ta ce, Malam, wa ɗin nan ta yi yawa.
Zan ce mata na sani,
fara, lokaci na tafiya.